Ranar da Na Share Madubin Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. Da na zauna a majalisarmu ta Ƙofar Taramniya sai wani ya ce, "To Attahiru, ƙaƙa ka baro ƙasar Faransi?" Wani yana son ya ji ko gaskiya ne burodinsu ya kai tsawon sanda, wani kuwa tsarabarsa kawai yake nema. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kuma na lura duk sanda na ba da shi akwai wurin da nake tsallakewa. To ga shi nan gaba ɗaya, har da wurin da ba na son a ji.

Ni ma'aikaci ne a ɗakin kwamfuta na kwalejinmu, a ƙarƙashin Malam Bello, mutumin da ya koya mini aikin nan tun daga yadda ake riƙe sukundireba. An ba kwalejin kyautar kwamfutoci goma sha huɗu. Malam Bello ya dage a bar su wuri ɗaya don ɗalibai. Manyanmu kuwa kowa so yake a kai masa ɗaya ofis, ya lulluɓe ta da leshi don baƙi su gani. Da gardama ta yi tsawo, shugaban kwaleji ya yanke hukunci: idan aka dawo hutu ɗakin bai fara aiki ba, za a raba kwamfutocin, a mai da ɗakin sito.

Matsalarmu ɗaya ce. Babbar manhajar da ke tuƙa kwamfuta, irin wadda ake ba kowa kyauta, a kan faifai muke da ita, kuma faifan ya shekara biyu. Duk kwamfutar da ka ɗora mata shi, sabuwa fil take tashi amma da tsofaffin cututtuka, kamar jaririn da aka haifa da furfura. Namu ba sa ganin juna ta waya, ba sa ganin na'urar buga takarda. Masu manhajar sun daɗe da fitar da gyare-gyare, ƙunshi-ƙunshi, suna can a intanet. Amma kun san layin tarhonmu. Na taɓa zama daga hantsi har la'asar ina jawo ƙunshi ɗaya tak, saura kaɗan ya kammala layin ya yanke. Ranar na faɗi maganganun da sai da na yi istigfari.

Maganin abin shi ne a sami kwamfuta ɗaya a gida wadda ta tara duk gyare-gyaren, sauran su riƙa ɗiba daga wurinta, ba sai kowace ta nemi ƙasar waje ba. Masu sana'ar suna ce mata madubi. Ni dai randar tsakar gida nake ganinta: mutum ɗaya ya sha wahalar rijiya, kowa ya sa moɗa. Madubi mafi kusa da mu yana Yamai, wurin wani abokin Malam Bello mai suna Mushe Salihu. Mushe, haka mutanen Nijar suke ce wa malamin boko. Sau ɗaya suka taɓa haɗuwa a wani taro, daga nan sai wasiƙa, direbobin albasa suna kai musu suna kawowa.

Malam Bello ne zai yi tafiyar. Saura mako biyu a dawo hutu, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Na same shi a gidansa a Mabera, kwance, hannun dama ba ya motsi, magana tana fita da ƙyar. Mutumin da in ya yi tsawa a ɗakin kwamfuta har bakin ƙofar kwaleji ake ji. Sai da na juya baya na share ido.

Ya ce, "Kai za ka tahi. Salihu na jiranka. In ka isa, ka yi abin da yac ce maka, kak ka yi abin da kas sani."

Na ce to. Matarsa ta miƙo mini rumbun, wato ƙarfen nan da kwamfuta ke ajiye komai a cikinsa, bai fi tafin hannu ba. Babu abin kirki a ciki, a can za a cika shi. Ta naɗe shi a tsohon bargon jikarta, ta ɗaure da igiyar zane.

Na shiga fijo a tashar Illela. Ƙasarmu mai arzikin mai, amma sai da muka tsaya a bakin hanya aka ɗura mana na galan, direba yana shinshina shi ko an haɗa da kananzir. Shingen sojoji kuwa na daina ƙirgawa tun kafin Gwadabawa. A kusa da ni akwai wata dattijuwa, Inna Ige, za ta Doso duba ɗiyarta da ta haihu. Ta daɗe tana kallon yadda na rungume ƙunshina duk sanda mota ta faɗa rami.

Ta ce, "Ɗana, mi ac cikin tsumman ga da kaka rungume kamaj jinjiri?"

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani. Ta saurara har ƙarshe, ta gyaɗa kai, ta ce, "Magani na ke nan. Allah shi ba mai shi lahiya." Na buɗe baki zan gyara mata, sai na ga ai ba ta yi kuskure sosai ba.

A Ƙwanni, bayan mun tsallake iyaka, jami'in duwan, wato kwastan, ya sa na kwance bargon. Ya ɗaga rumbun, ya juya shi, ya kara a kunne. Har girgiza shi ya yi. Ya tambayi abin da ke ciki, na ce babu komai. Ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga ɗan Najeriyar da zai je har Yamai da ƙarfen da babu komai ciki. Inna Ige ce ta leƙo ta taga ta ce masa ya ji tsoron Allah, maganin marar lafiya ne. Nan da nan ya naɗe shi da kansa, har ya fi ni iya ɗaurin.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Nijar shi ne usur. Jandarma ɗaya zai tsaya a bakin hanya, ba shinge ba gungume, ya busa usur sau ɗaya, direba ya taka birki kamar ya ga rami. A karɓi katin shaidar kowa, a shiga rumfa, a fito ana kiran suna ɗaya-ɗaya kamar a aji. A Dogon Dutsi muka tsaya salla, Inna Ige ta riƙe mini ƙunshin, na dawo na tarar ta ɗora shi a cinya tana kore masa ƙuda. Ta saya mana kwaɗon zogale da garin rogo, ta hana ni biya. Da muka rabu a Doso ta ce in gai da marar lafiya, na ji kamar da uwata nake rabuwa.

Mushe Salihu ya tarbe ni a tasha da babur. Siriri ne, mai farin gilashi, mutumin Tawa, Hausarsa kamar tamu sai dai in ya ɗauko Faransanci ya cusa. Kafin ya tambayi hanya ya tambayi jikin Malam Bello, kuma da na faɗa masa gaskiyar yadda na baro shi, ya daɗe bai tayar da babur ɗin ba. A gidansa aka sauke ni, aka shimfiɗa mini katifa a tsakar gida da gidan sauro. Da safe matarsa ta kawo kofi da madara da burodin nan da kuke tambaya. Gaskiya ne, ya kai sanda, kuma in ya kwana ana iya korar akuya da shi.

Ofishinsa ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan wata makaranta. Ya nuna mini kwamfutar da ke riƙe da madubin yana shafa ta. Wata bakwai ya yi yana tara abin da ke cikinta, kaɗan-kaɗan, duk ranar da layi ya yarda. Tana da rumbu biyu: na farko na tuƙa ta, na biyu shi ne madubin. Ya buɗe ta ya haɗa nawa ya zama na uku. Ya ce sai mun fara share nawa tas mu shirya shi, sannan mu kwafa. Kafin mu fara aka kira shi taro, da ya fito kuma sha biyu da rabi ta yi.

A nan ne na ga al'adar da ta fi ba ni haushi. Da rana ta take, garin nan gaba ɗaya rufewa yake yi. Kowa ya tafi gida ya ci, ya kwanta, sai uku da rabi a dawo aiki. Mu da muke haɗiye abinci a tsaye mu koma ofis, ko da ba abin da za mu yi in mun koma, abin ya yi mini kama da lalaci. Mushe Salihu ya ce mu tafi gida. Na ce ya bar ni in duba jerin gyare-gyaren. Ya ce to, ya bar mini ɗakin, ya ce in ya komo mu fara.

Ga wurin da nake tsallakewa.

Na zauna ina lissafin kwanaki. Na ce a raina, share rumbu ai ba abin da za a jira Mushe ba ne, na yi shi ya fi sau talatin. In ya dawo ya tarar na gama, ya san Malam Bello bai aiko sakarai ba. Da idona na ga ya haɗa nawa na uku. Amma a wurinmu kowace kwamfuta rumbu ɗaya gare ta, saboda haka duk baƙon rumbu na biyu ne, kuma hannuna ya saba. Na rubuta na biyu. Kwamfuta ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata, har da ɗan murmushi.

Da ta gama na leƙa madubin don in fara kwafa. Wayam. Na sake leƙawa. Na kashe na kunna. Wayam.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Fanka tana juyawa amma gumi ya jiƙe mini riga har wando. Aikin wata bakwai na mutumin da ya ba ni katifarsa, na share shi kafin a tafasa ruwan shayi. Ga ɗakin Malam Bello da zai zama sito saboda ni. Wallahi na yi tunanin gudu. Tasha ba nisa, kafin uku da rabi na kusa Doso. Na kuma yi tunanin in ce wuta ce ta ɗauke. Har na shirya ƙaryar, na gyara mata zama. Abin da ya hana ni, na san ƙaryar za ta bi ni har Mabera, in tsaya gaban mutumin da ba ya iya ɗaga hannu in maimaita ta.

Mushe Salihu ya shigo da kwano a hannu, matarsa ta aiko mini da shinkafa. Ban bari ya ajiye ba.

Na ce, "Mushe, na yi ɓarna. Na share madubinka. Ba wuta ta ba, ba kowa na ba, ni na. Ka ce in jira, ban jira ba."

Ya ajiye kwanon a hankali. Ya zauna ya duba da kansa. Ya cire gilashi ya riƙe a hannu, ya daɗe yana kallon bango. Na fi son ya zage ni. Da ya yi magana, abin da ya ce kawai shi ne, "Wata bakwai." Sai ya tashi ya ɗauki buta ya fita.

Na ji shi yana alwala. Na bi shi muka yi la'asar, ni a baya ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Da muka sallame ya juyo ya ce, "Ci shinkahwarka. Wurin da za mu, ba a zuwa da yunwa."

A kan babur ya yi mini bayani. Duk wanda ya zo kwafar madubinsa, ba ya karɓar komai sai alkawari biyu: duk wanda ya roƙe ka ka ba shi, kuma ranar da na zo nema ka maido mini. Mutum uku suka taɓa kwafa. Biyu suna nesa. Ta ukun tana tsallaken kogi, a wata makarantar koyon jinya, kuma mako biyar ke nan da ta kwafa.

"Sunanta Madam Hadiza," in ji shi. "Bazabarma ta. Ta iya aiki, ta kuma iya hwaɗa. Kome tac ce, ka ce na'am."

Muka haye gada muka same ta tana shirin rufe ofis, doguwar mace mai ɗaurin kallabi kamar za ta biki. Mushe Salihu ya faɗa mata da Zabarmanci. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga lokacin da labari ya iso kaina, don ta juyo ta dube ni daga hula har takalmi. Ta fara da shi, ta wanke shi tas don ya bar baƙo da kwamfuta a buɗe. Sannan ta dawo kaina da Hausarta mai gaɓa-gaɓa.

"Kai, ɗan Sakkwato. Zauna can. Sa hannunka ƙarƙashin cinya. Duka biyu."

Na zauna a kan hannuwana, ni da nake da mata da 'ya'ya biyu. Ta buɗe kwamfutarta, sai na ga rumbunta na madubi da ɗigon jan farce babba a gefe, kuma ta manna takarda a jikin allo ta rubuta lambarsa da ja. Ta ce uwa ke nan, uwa ba a share ta, daga gare ta ake ɗiba. Duk wanda zai rubuta umarnin sharewa a ɗakinta, sai ya karanta shi da ƙarfi, wani ya ji ya amsa, kafin a danna. Na ce a raina, da na san wannan tun da safe.

Kwana biyu muka yi muna zarya. Aka fara mai da wa Mushe Salihu nasa, sannan aka zo kan nawa. Tsorona ɗaya: gyaran da zai sa kwamfutocinmu su ga juna, yana cikin abin da ta kwafa, ko yana cikin na mako biyar ɗin bayan kwafarta, waɗanda na hallaka? Na kasa tambaya. Mushe Salihu ne ya bi jerin da yatsa, ya tsaya, ya ƙwanƙwasa allo da farce. Yana nan. Ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba, har Madam ta yi dariya karo na farko. Da aka zo share nawa rumbun ta ce in saki hannuwana. Ta sa na karanta umarnin da ƙarfi sau biyu, ta amsa, sannan ta ce in danna. Bayan an gama kwafa ta ciro kwalbar jan farcenta ta ɗiga wa rumbuna.

Na roƙi Mushe Salihu ya bar ni in zauna in taya shi jawo na mako biyar ɗin. Ya ƙi. Ya ce shi yana da lokaci, Bello ne ba shi da shi. Ya ce alkawari biyun nan yanzu sun hau kaina, kuma ya ji daɗi, don in gobara ta ci Yamai ya san akwai madubi a Sakkwato. A tasha ya ba ni wasiƙa a rufe in kai wa Malam Bello. Tun daga Yamai har Illela wasiƙar nan tana aljihuna, ta fi rumbun nauyi.

Na iso saura kwana huɗu a dawo hutu. Na ware kwamfuta ɗaya na sa mata rumbun ta zama madubinmu. Na kai wa ta farko gyaran waya da hannu, ta ga madubin, ta ɗebi sauran da kanta. Abin da ya ci mini yini a layin tarho, kafin in sha ruwa ta gama. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina karanta kowane umarni da ƙarfi, mai shara yana amsa mini da "to" ba tare da ya san abin da yake amsawa ba. Shugaban kwaleji ya zo ya ga takarda ta fito daga na'ura, ya juya ta gaba da baya, ya ce ɗaki ya zauna.

Ranar da ɗalibai suka dawo aka kawo Malam Bello a mota, muka ɗauko shi a kan kujera. Ya daɗe yana kallon yara suna rububin wurin zama, sai hawaye ta ido ɗaya. Da aka watse na ba shi wasiƙar, na buɗe masa, na riƙe yana karantawa. Ya gama ya ce Salihu ya yabe ni, har ya rubuta cewa Bello ya iya tarbiyya.

Na ce, "Shi ke nan abin da yar rubuta?"

Ya ce shi ke nan.

Ashe Mushe Salihu bai ambaci ɓarnata ba. Da na yi shiru da zancen ya wuce har abada. Na durƙusa a gefen kujerarsa na faɗa masa komai, tun daga hutun rana har zaman da na yi a kan hannuwana. Ya saurara, bakinsa yana ɗan rawa, ban sani ba ko fushi ne ko dariya.

Ya ce, "Shi yag gano, ko kai kah hwaɗa mai?"

Na ce, "Ni nih hwaɗa mai."

Ya gyaɗa kai. Ya sa hannun hagu a aljihu yana lalube, ya daɗe, na so in taimaka ya harare ni. Da ƙyar ya ciro makullin ɗakin, wanda shekara da shekaru bai taɓa barin ya kwana a hannun kowa ba. Ya kama tafina ya sa shi a ciki, ya rufe mini yatsu da nasa.

Ya ce, "Ka riƙa buɗe musu da wuri."